Wankan Arbo Mai Rijiya

Kun sha jin ana cewa ubanku ya wanke gawar Bature. Gaskiya ne, na wanke. Abin da ba gaskiya ba shi ne wai don gida na yi, ko don wani akwati da ya binne. Gidan yana nan a bayan garin Basirka, rufinsa ya rufta, awaki ne ke shan inuwa a ciki. Ku je ku gani. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, don haka ina faɗa ne 'yar'uwarku Rabi tana rubutawa, kuma na ce mata kada ta gyara mini magana. Na gaji da yi wa kowa bayani ɗai-ɗai. Zan faɗa sau ɗaya, wanda ya ji ya ji.

Sunansa Arbo. Haka bakinmu ya iya, shi ma ya gaji ya daina gyara mana. Ya zo ƙasar nan tun zamanin Turawa, cikin masu haƙa wa gwamnati rijiyoyin kankare. Da Turawa suka tattara suka tafi, shi bai tafi ba. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce babu mai jiransa a ko'ina. Iyayensa mutanen wata ƙasa ce da ake kira Finlan, can ƙarshen duniya, inda ya ce ruwan tafki yakan daskare har doki ya bi ta kansa da kaya. Yunwa ce ta koro su, suka shiga jirgin ruwa zuwa Amurka, uban ya kama aikin haƙar ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa. A can aka haifi Arbo. Finlan ɗin da yake ambato bai taɓa taka ta ba. A bakin uwarsa ya ji ta, kamar yadda ni na ji labarin teku. Ya taɓa auren wata mai aikin jinya, ta rasu ba su haihu ba, bai sake ba.

Ina saurayi na kama aiki da shi. Shi ya koya mini zura fitila a rami kafin mutum ya sauka, in ta mutu to babu iskar da za ta riƙe rai. Shi ya koya mini ɗanɗana ƙasa a harshe don sanin ko ruwa ya kusa. Mun yi shekara wajen arba'in tare, daga Gwaram har ƙauyukan Birnin Kudu, amma in aka tara maganar da muka yi ba za ta cika yini biyu ba. Shi ba mai magana ba ne, ni ma haka, shi ya sa muka daɗe. In yana sakin igiya yakan ƙirga tsawonta gaba-gaba da yaren uwarsa, har na haddace ƙirgen ban san ma'anarsa ba.

A bayan gidansa ya gina wani ɗan ɗaki na katako, ba taga sai ƙaramar kafar hayaƙi. A ciki akwai tarin duwatsu a kan murhu da benci mai hawa biyu. Duk Asabar da la'asar yakan hura wuta har duwatsun su yi ja, ya bari hayaƙi ya fita, ya shiga ya rufe ƙofa ya riƙa watsa musu ruwa. Tururi ya turnuƙe, shi kuma yana dukan jikinsa da damin ganyen darbejiya. Ya ce a ƙasarsu da ganyen wata bishiya ake yi, da bai samu ba ya haƙura da tamu. Mu ɗakin gumi muke ce masa. Mutanen gari kuwa ɗakin tsafi suke cewa, don a ganinsu babu mai hankalin da zai bar zafin ƙasar nan ya shiga wani zafin da ƙafarsa.

Ni ma ban yarda na shiga ba sai bayan abin da ya same ni a Yalwan Damai. Mu uku ne a cikin rijiyar, ni da Sule da Ɗanjuma, mun kai zurfin gaba goma sha biyu, muka tarar da rairayi. Da hantsi gefe ya zubo. Su biyun ban sake jin motsinsu ba. Ni ƙasa ta riƙe ni har wuya, wani katako ya tokare a saman kaina ya bar mini 'yar kafa. Ina jin mutane a sama suna salati. Ina jin wani dattijo yana cewa a haƙura a cike ramin kawai, ai ya zama kabari. Sai na ji ƙirgen nan na yaren uwar Arbo, amma wannan karon shi ake saki. Lokacin ya haura sittin. Ya ɗaure igiya a ƙugu ya sauko da kwano a hannu, don shebur zai ƙara zubo da ƙasa.

Na buɗe baki zan yi magana, ya ce, “Yi shiru, Garba. Iskar kaɗan ce, ba ta kai ta surutu ba.”

Sai bayan la'asar aka jawo mu. Ƙafafuna sun mutu, kwana uku ko tsinke aka soka ba na ji. A rana ta huɗu ya ɗauke ni a baya ya shigar da ni ɗakin nan, ya kwantar da ni a benci, ya yi ta duka da darbejiya yana murza. Ya yi mini haka sau shida kafin na taka. Ƙafar da nake ɗingisawa da ita yau, ragowar wannan ce. Yayana Malam Idi ya zo daga Birnin Kudu da zakara a hannu, ya durƙusa ya yi wa Arbo godiya. Ku riƙe wannan, don kada ku ɗauka Yaya Malam mugun mutum ne. Ubanmu ya rasu ina ƙarami, shi ya riƙe ni, shi ya nema mini auren uwarku Talatu. Yana da makarantar allo a ƙofar gida, daga baya ya buɗe Islamiyya, kuma babu wanda ya taɓa kama shi da magana biyu.

Shekarar da aka ciro Jigawa daga Kano ita ce shekarar da nake so in ba ku labari. Kowa ya tashi, masu takarda sun nufi Dutse neman kujera, direbobi suna sake fentin motoci, ana ta cewa za a kawo injin burtsatse kowane ƙauye, mu masu diga kwananmu ya ƙare. Arbo ya haura casa'in. Ido ya tafi, fatar hannunsa ta zama kamar ɓawon albasa. Uwarku ce ke aika masa kunu da safe, tuwo miyar kuka da yamma, ni nake kaiwa. Da ƙafafunsa suka kumbura na sa shi a bas zuwa asibitin Birnin Kudu. Likita ya duba shi da kyau, ya ce, “Baba, ciwonka shekaru ne, ba mu da allurarsu.” Arbo ya yi dariya, muka dawo.

Bayan kwana biyu ina zaune a bakin gadonsa yana shan kunu, sai ya ajiye ludayi.

“Garba, ka san inda aka haife ni?”

“Amurka.”

“A ɗakin gumi. Mutanenmu a nan mace take haihuwa, don ya fi ko'ina tsabta. Ina shekara goma sha biyu rami ya rufta da ubana. Aka kawo shi baƙi ƙirin. Uwata ta kwantar da shi a benci, ta wanke shi da ruwan ɗumi, ni na riƙe mata bokiti. Ta ce mini, mu ta nan muke shigowa, ta nan muke fita.”

Ya juyo da fuskarsa wajena, ya ci gaba.

“Ba na son a kai ni Kano ko Jos wurin Turawan da ban sani ba. Ka sa ni a bayan ɗakin nan. Amma ka wanke ni a ciki tukuna. Wuta kaɗan, ba irin ta Asabar ba. Kada a jefa ni rami da dauɗar gado kamar mushen jaki.”

Na ce, “To.”

Wannan to ɗin ita ce ta raba ni da ɗan'uwana.

Da na fito sai abin ya tsaya mini a rai. Arbo ba ya salla, coci ma ba ya zuwa. Na san akwai hukunci a kan haka, ban dai san iyakarsa ba. Washegari na hau mota zuwa Birnin Kudu. Na sami Yaya Malam a zaure a kan buzu, ya sallami ɗalibai, aka kawo mana fura muka sha a ƙwarya ɗaya. Ban san ita ce ta ƙarshe ba. Na faɗa masa yadda muka yi.

“Ya yi shahada?”

“Bai yi ba.”

“Ka taɓa yi masa tayi?”

“Sau biyu. Ya ce ya gode.”

“To ka tona rami, ka naɗe shi da ƙyalle mai tsabta, ka rufe shi da mutunci. Wannan haƙƙin maƙwabtaka ne, ni ma in ina kusa zan kama maka. Wanka kuwa na Musulmi ne.”

“Ba irin namu zan yi masa ba, Yaya. Ba alwala, ba magarya, ba salla. Irin na uwarsa.”

“Ai wannan ya fi muni. Ka ɗauko al'adar mutanen da ba ka san abin da ke ƙarƙashinta ba, ka yi ta a ɗakin da duk gari ke kira na tsafi?”

“Ka san ba tsafi a ciki. Dutse ne da ruwa. A nan ƙafata ta dawo.”

“Ni na sani. Masu turo mini 'ya'yansu karatu su ba su sani ba. Gobe in tashi in hana mutane bin abin da ba shi da asali, wani ya ce in fara da ƙanena?”

“Na riga na ce masa to.”

“Yana da rai. Koma ka ce masa a'a.”

“Da shi ma a'a ya ce a Yalwan Damai, da yau ba ka da ƙanen da za ka yi wa faɗa.”

Ban taɓa mayar masa da magana ba sai ran nan. Ya dubi ƙwaryar. Da ya ɗago, muryarsa ba ta tashi ba, shi ya sa na san ba fushi ne kawai ba.

“Garba, ni na wanke Baba, ni na tsaya a kan Inna har aka sa ta a makara. Na sa rai kai za ka wanke ni. In ka sa hannunka a wannan aiki, kada ka sa shi a jikina.”

Na dawo gida ban ci abinci ba. Uwarku tana tankaɗe a tsakar gida, ta dube ni sau ɗaya ta gane.

“Maigida, me ya kai ka tambaya? Wanda ya san zai yi abu ai ba ya zuwa wurin malami.”

“Ban san zan yi ba.”

“Ni na sani. Shekara nawa ina dafa maka tuwo?”

Duk da haka da safe na tafi gidan Arbo da niyyar in janye. Na tarar ya lallaɓo bakin ƙofa yana shan hantsi. Makaho ne, amma ya san takuna.

“Ka je wurin Malam.”

“Na je.”

“Me ya ce?”

“Ya ce a gaishe ka.”

“Garba, kai da ƙarya kamar jaki da sirdi ne.” Ya yi tari, ya huta. “In abin zai yi maka tsada, bar shi. Matacce bai san dauɗa ba. Maganar tsofaffi ce kawai.”

Wannan shi ne abin da nake so ku sani, don babu wanda ya sani sai uwarku. Mutumin nan ya sake ni. Babu alkawarin da ya rage a wuyana. Duk abin da na yi bayan nan, ni na ga dama, kada wani ya ɗora masa.

Ya rasu bayan an yanke gero, ran Alhamis da hantsi, ina riƙe da kofin ruwan da ya ce in ba shi. Mai gari ya zo ya tsaya daga bakin danga. Ya ce ya aika sakatariya, amma sabuwar jiha ce, kowa ya ce ba teburinsa ba ne, kuma rana ba za ta jira takarda ba. Ya ba ni mutum biyu su taya ni tono. Muka tona a bayan ɗakin, ƙarƙashin darbejiyar da yake yankar ganye. Da muka gama na tsaya a bakin ramin ina kallonsa. In na naɗe shi yanzu na sa, shi ke nan, babu mai cewa komai, ran Juma'a in je in sha fura da yayana. Na shiga na yaye mayafin. Kwana tara bai iya tashi ba, kun san yadda jikin tsoho yake zama. Na tuna fuskar da ta leƙo ni ta 'yar kafar nan a gaba goma sha biyu. Na mayar da mayafin na fita neman itace.

Da na dawo na tarar da bokiti biyu cike a ƙofar ɗakin gumi. Uwarku ce ta ja daga rijiyar gidan. Ta ajiye sabulu da farin ƙyalle a kai, ta koma gindin bishiya ta zauna ta ba ɗakin baya. Na hura wuta kaɗan yadda ya ce. Mutanen mai gari da suka ga haka suka ja da baya har bakin hanya. Ni kaɗai na ɗauko shi, bai fi damin kara nauyi ba, mutumin da ya taɓa goya ni. Na kwantar da shi a bencin ƙasa. Ban san addu'ar uwarsa ba, tamu kuma ba tasa ba ce, don haka ban ce komai ba. Na fara daga kai. Da na zo ƙugu na ga wani tabo ya zagaye shi kamar ɗamara, fari, ya shige cikin fata. Shekara talatin ban san igiyar ran nan ta yanke shi haka ba, bai taɓa faɗa ba. Na wanke wurin sau biyu. Na tsane shi, na naɗe, na yanko darbejiya ɗanya na ɗaure na sa masa a ƙarƙashin kai.

Hayaƙin ne ya tona ni. Duk garin sun san ba a ganin hayaƙin ɗakin nan sai Asabar, ga shi ya tashi ran Alhamis da rana tsaka, mai ɗakin kuma ya mutu. Kafin mu gama mayar da ƙasa mata sun cika bakin danga. Kafin la'asar direbobi sun kai labarin tashar Birnin Kudu, kuma ya isa can da ƙafafu fiye da waɗanda ya tashi da su. Har an ce na yanka baƙin bunsuru.

Shekarar nan da ta bayanta aiki ya yi wuya. Ƙauyuka uku suka aiko cewa kada in zo yasar rijiyarsu, ba sa son hannuna a ruwan alwala. Mun ci rama da ƙuli-ƙuli a damina, ku manyan kun tuna. Amma ƙishirwa ba ta da dogon fushi. Da injinan burtsatse suka fara lalacewa, waɗanda suka kore ni su suka zo da goro. Mutanen gari sun manta. Yaya Malam ne bai manta ba.

Bai yanke zumunci ba, ya fi ƙarfin haka. Duk kaka yana aiko muku da dawa. Ɗan'uwanku Salisu a hannunsa ya sauke Alƙur'ani. In na je gaisuwar salla yakan amsa, ya tambayi lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya, yana kallon tasbaha. In aka kawo fura, sai a kawo ƙwarya biyu. Shekara goma sha ɗaya muna haka. Sau ɗaya uwarku ta je ta durƙusa masa, ya ce mata, “Talatu, ba gaba nake yi da shi ba. Magana na faɗa a gaban Allah, shi kuma ya zaɓa.” Ban ce ya yi kuskure ba. Shi ya yi karatu, ni rami na sani.

Ran da ya rasu na isa Birnin Kudu kafin azahar. Na kutsa cikin mutane na nufi ɗakin da yake, sai babban ɗansa Habibu ya tare ƙofa. Yaron da na yi wa wasa a kafaɗa. Idonsa ya yi ja, ya kasa kallona.

“Baffa, don Allah ka yi haƙuri. Ya bar magana.”

“Na sani.”

“Jiya ma ya maimaita. Amma ya ce a gaya maka ya yafe duk abin da ke tsakaninku, kai ma ka yafe masa. Wannan ɗaya ce kawai ba zai janye ba.”

“Na ji.”

“Ko za ka zauna a zaure wurin dattawa?”

“A'a. Ina diga?”

Na tafi maƙabarta. Samarin da ke tono suka ga tsoho mai ɗingishi ya tuɓe riga, suka ce Baba ka huta, na ce su matsa. Wannan aikin dai Yaya Malam bai hana ni ba. Ƙasar wurin marmara ce, na sare ta ni kaɗai, na daidaita gefe da gefe da tafin hannu yadda Arbo ya koya mini a rijiya, har babu inda ɓurɓushi zai zubo masa. Ban taɓa yin rami mai kyan wannan ba. Da na dawo ɗaukar makara na ga jarkokin da aka ɗebo ruwan wankansa a jere a ƙofar gida. Daga rijiyar bakin masallacinsa aka ɗebo. Ni da Arbo muka haƙa ta, shekarar da aka haifi Habibu. Na gani, ban ce wa kowa komai ba.

Yanzu uwarku ta tafi, sa'o'ina duk sun tafi, ni ne na rage ina cin tuwon da ba na jin ɗanɗanonsa. Salisu ya taɓa tambayata ko na yi nadama. Ban ba shi amsa ba, ga ta yau. Babu ranar da ake kawo mini fura ban tuna ƙwaryar nan guda ɗaya ba. Amma in aka mayar da ni bakin ramin nan na ran Alhamis, itacen zan sake nema. Allah ya san abin da ke tsakanina da su biyun, shi zai yi mana hukunci, kuma ya fi mu tausayi.

Nawa wankan kuwa, ban bar wa kowa sharaɗi ba. Duk wanda yake kusa a cikinku ya yi, ko mun yi faɗa jiya. Ruwan dai ya zama da ɗumi.

Rabi, ajiye biron haka. Miƙo mini sandata.